Yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ambaliya

Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ne cikin dare, wayewar garin 10 ga Satumba 2024, ruwa ya iske mutanen Maiduguri da Jere da dama suna barci. Yaron da aka fisge daga shimfiɗa aka saɓa shi cikin duhu da ihu, barcin ne kansa zai fara ba shi tsoro.

Shi ya sa ɗan shekara shida da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wani ya maƙale wa uwarsa, ko banɗaki ba za ta shiga ita kaɗai ba. Wani da hadari ya haɗu sai jikinsa ya hau rawa. Waɗanda suka tasa kuwa sukan yi shiru, ko su riƙa faɗa, ko su yi ta kukan ciwon ciki.

Duka da gori su ne suke dagula lamarin, domin tsoro ne ya jawo fitsarin, bulala kuma ƙarin tsoro ce. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zaninsa, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ya kwana kusa da babba, da safe a wanke ba tare da an sanar wa ƙannensa ba. Idan ya tambaya ko ruwa zai dawo, kar a rantse masa cewa ba zai dawo ba. A nuna masa inda za a gudu da wanda zai riƙe hannunsa. Idan kuka ga yara sun tara ƙasa suna rushe ta da ruwa, a ƙyale su, ta wasan suke sauke abin da ke ransu. Lokacin abinci, da boko, da Islamiyya, a mayar da su da wuri, ko da a sansani ake zaune.

Gudawa ita ce ba ta jira. A tafasa ruwan sha. A jiƙa ƙulli ɗaya na ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, a lita ɗaya ta ruwa, a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan, da ƙwayar zinc miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Idon da ya faɗa ko yaron da ya ƙi sha, asibiti nan take.

Firgicin yakan lafa cikin makonni. Idan ya wuce wata guda yana ƙaruwa, yaro ba ci ba barci, ko yana maganar mutuwa, a kai shi wurin likita.