Jajiberen Kirsimeti a Wusasa

Ranar 24 ga Disamba na kama hanyar Zariya da sassafe, hazo ya rufe Kano har ba a hangen ƙarshen titi. Ƙawata ce tun ta makaranta ta gayyace ni gidansu a Wusasa. Ita Kirista ce, Bahaushiya gaba da baya, ni kuma Musulma. Ta sha cin naman layya a gidanmu, ta san ɗakin mahaifiyata kamar nasu. Da ta ce bana ba za ta karɓi barka ta waya ba, sai na nemi izinin maigida na haɗa 'yar jakata.

A tashar Unguwa Uku mota ba ta daɗe ba ta cika, don kowa na son ya isa gida kafin dare. Kuɗin mota kuwa ba a magana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya haye bai sauko ba, ga kuma ƙarin da direbobi ke yi idan biki ya matso. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta rungume kwandon kaji a cinya, ta ce ba za ta yarda a sa mata su a but ba, gara ta ƙuntata da su mutu a hanya. Muka wuce Na'ibawa, muka wuce Kura da gonakin shinkafarta. A Kwanar Gafan na roƙi direba ya ɗan tsaya, domin tumatirin rani na yankin Kadawa ya fara shigowa kasuwa, kuma ba a zuwa gidan biki hannu na dukan cinya. Na sayi ɗan kwando guda da attaruhu, fasinjoji na ta cewa Hajiya a hanzarta. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tashar Yari ba abin da ke gefen titi sai damman rake. Kafin hantsi ya ɗaga sosai mun sauka a Kwangila, na hau Keke Napep, ya ratsa da ni har na fara hango Dutsen Kufena.

Na tarar da Mama, mahaifiyar ƙawata, a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na gaishe ta.

"Maraba da 'yar Kano. Ya hanya? Ya maigidan da jikokina? Kin baro min su ke nan?"

"Suna gaishe ki, Mama. Sun so zuwa, sanyin nan ne ya sa na bar su."

"To ai shi ke nan. Sha ruwa ki shiga, 'yar uwarki na can tana fama."

Fama kuwa take yi. Gas ya ƙare mata ana tsakiyar suyar cin-cin, ta aiki ƙaninta ya ɗuro, ya bugo waya cewa layi ya kai bakin titi. Sai aka koma murhun gawayi. Na tuɓe mayafi na ɗaura zani, na karɓi aikin yanka kwaɓin, ita tana suya. A nan hira ta ɓarke, irin wadda ba ta da kai ba ta da gindi, kuma ita ce ta fi min komai daɗi a tafiyar nan. Famfonsu ya yi makonni bai ɗiga ba, 'yan ga-ruwa kuma sun ƙara kuɗin kura saboda biki. Na ce namu yana zuwa, amma sai tsakar dare, sai dai mutum ya hana idonsa barci yana tara. Ta ce ta daina sayen nama da yawa tun ranar da wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, komai na firji ya lalace, ta zubar tana hawaye. Yanzu soyawa take yi ta shanya, ko ta yi dambu, kamar yadda iyayenmu ke yi kafin firji ya shigo gidaje. Muka taɓo kuɗin makaranta, muka taɓo ɓeraye, muka taɓo yaron da ake aika markaɗe ya tsaya kallon ƙwallo.

Babban tashin hankalin ranar dai tela ne. Tun farkon wata aka kai masa atamfar 'yar yayarta, yarinya ƙarama da ta ƙwallafa rai a kan sabon ɗinki, kullum sai ya ce gobe. Yarinyar ta zauna a bakin ƙofa, duk babur ɗin da ya tsaya sai ta miƙe. Na san wannan zaman. 'Ya'yana sun yi shi a daren Sallah, ni ma na yi shi ina ƙarama. Mama ta ce a zamaninsu uwa ce ke ɗinka wa 'ya'yanta da keken hannu, ba wanda ke jiran kowa. Sai bayan isha'i kayan suka iso, ba a ma sa maɓallai ba, ƙawata ta zauna da allura da fitilar waya ta ƙarasa.

Da la'asar wani maƙwabcinsu, dattijo Musulmi, ya shigo da wuƙarsa ya yanka akuya da kajin gidan. Ba don ni aka yi ba. Mama ta ce haka suka taso suka tarar, ana kiran Musulmi ya yi yanka domin idan an kai abinci maƙwabta kowa ya ci hankali kwance. Ya wanke hannu, ya yi musu fatan a yi biki lafiya, aka bi shi da cinya guda. Da lokacin salla ya yi ban buɗe baki ba, sai ga ƙanwar ƙawata da buta da darduma, ta nuna min gabas. Dardumar tasu ce, suna ajiye ta don baƙi irina.

Da daddare matasan coci suka zo waƙa gida-gida, da ganga da kacau-kacau, kowa ya naɗe cikin rigar sanyi. Da Hausa suke yi, labarin haihuwar Yesu Almasihu a Baitalami da makiyaya da tauraro. Aka ba su cin-cin da zoɓo da ɗan abin da ya sawwaƙa, suka yi gaba, muna jin muryoyinsu har suka yi nisa.

Washegari gidan ya tashi tun asuba. Kafin su tafi sujada an sauke shinkafa da miya, an jera kuloli, kowace da gidan da za a kai ta. Mata sun sha kitso da lalle, 'yan zumuntar mata sun fito da anko. Ni na zauna gadin tukwane tare da wata goggonsu da ƙafa ta hana ta fita. Da aka taso, yara suka fara shigowa ayari-ayari suna "Barka da Kirsimeti", ana ba su alawa da sababbin kuɗi, yadda ake ba da goron Sallah. Cikin su har da yara masu hula da 'yan mata masu hijabi, kuma ba wanda ya tambaye su daga wane gida suke.

Da yamma Baba, mahaifin ƙawata, tsohon malamin makaranta, ya ce ba zan bar Wusasa ban ga tsohuwar cocin ba. Muka taka a hankali saboda sandarsa. St. Bartholomew ginin ƙasa ce, irin na magina Hausawa, da katanga mai kauri da bakan gizo a rufin ciki kamar soron sarauta. An gina ta a 1929, lokacin da mishan ɗin CMS, na cocin Anglika, ya tashi daga cikin birnin Zariya ya dawo nan. Da na shiga sai na ji sanyin ɗakin kakata, har da ƙamshin ƙasar. Baba ya nuna min wajen asibitin St. Luke da makarantar, ya ce daga wannan ɗan garin aka sami Dakta Barau Dikko, likitan farko a Arewa, wanda babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. A nan Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu kafin ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1966. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Yana faɗa yana tsayawa gaisawa da mutane, kowa "Malam, barka da shan biki."

Abin da ke ci min rai shi ne, na san masu digiri a Kano da za su yi mamaki idan aka ce musu akwai Hausawa Kirista da suka gaji addinin tun kakanni. Laifin ba na jahilci ba ne kaɗai, rashin shiga gidajen juna ne. Tun bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 mutane suka rarrabu, kowa ya koma unguwar da yake ganin ta nasa ce, sauran garuruwa ma abin ya taɓa su. Yaro ya girma bai taɓa kai kwanon abinci gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, to a ina zai san cewa su ma telansu na yaudararsu, su ma gas na ƙare musu? Ni dai ban ga abin da zaman da na yi a kicin ɗin nan ya rage min a addinina ba, kuma ina son 'ya'yana su san hanyar gidan.

Bayan an ci an sha, baƙi sun ragu, sai hira ta gangaro kan littattafai. Mama ce ta jawo ta, da ta ce a ɗauko mata akwatin ƙarfenta na ƙarƙashin gado. A ciki akwai Littafi Mai Tsarki na mahaifiyarta, bangonsa ya mutu an yi masa riga da ƙyallen atamfa, takardun sun yi ja, gefensu ya yi laushi don yawan buɗawa. A shafin farko an rubuta sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu da alƙalami iri-iri, wani shuɗi wani baƙi, na ƙarshe da fensir. Baba ya ce fassarar Hausa cikakkiya ta fara fitowa a 1932, kuma Likita Mila, Baturen da ya kafa mishan ɗin Zariya, yana cikin waɗanda suka yi aikin tare da malamai Hausawa. Ya karanta mana 'yan layuka don mu ji irin Hausar da, mai nauyi, wadda yaran yanzu sai an yi musu bayani.

Daga nan ya koma kan Zariya kanta. Ya ce garin nan ne gidan littafin boko na Hausa: a nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, sannan aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Suna yara, in ji shi, jarida ɗaya sai ta zaga unguwa, mai karatu ya zauna a tsakiya ana saurare. Yana da kabad guda na littattafan makaranta na wancan zamani, amma gara ta shiga ta baya ta cinye rabi kafin a farga. Da ya faɗi haka sai da muryarsa ta canja. Ragowar yanzu suna cikin leda, ya zuba musu ganyen darbejiya.

Ni da ƙawata kuwa namu littattafan daban ne. Mun taso lokacin da littattafan soyayya na Kano ke tashe, ana hayarsu a shago, mu ɓoye cikin littafin lissafi muna karantawa. Ta tuna min yadda muke rabon littafi mai kashi uku, wadda ta sami na ƙarshe ba ta da sukuni sai ta faɗi yadda aka ƙare. Yanzu ta ce a waya take karatu, marubuta na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, wani sai an biya. Ni kuma na fi sauraro ina wanke-wanke. Mama ta ce duk ta ji, amma abin da ba za ka iya sa wa riga ka bar wa jika ba, ita ba ta kira shi littafi ba. Muka yi ta musu a kan haka har wuta ta ɗauke, aka kunna fitila aka ci gaba. Ƙawata ta kawo ƙarar masu aron littafi ba sa mayarwa, Baba ya ce shi ya sa ya buɗe rajista, duk wanda ya ɗauka sai ya sa hannu, ko da limamin coci ne.

Ranar 26 da safe na yi sallama. Mama ta cika min leda da cin-cin da dambun nama, ta ce na yara ne, kar in taɓa a mota. Baba ya ba ni aron wani tsohon littafin karin magana da gara ta ɗan ci gefensa, ya buɗe rajistarsa na sa hannu. Ƙawata ta raka ni har Kwangila. Muna jiran mota ta cika aka bugo mata waya cewa an kawo ruwan famfo, ta ce min, "'Yar uwa, bari in ruga kafin su ɗauke, sai na zo cin naman Sallah." Ta tare Keke ta haye, ni kuma na shiga ciniki da kwandasta a kan kujerar gaba.