Idan gejin mai ya mutu jirgi yana sama

Mu dai nan idan gejin babur ya mutu ba wani abu ba ne, mutum ya girgiza tanki ya kasa kunne, in ya ji motsin mai ya ci gaba da tafiya, in ya ƙare a hanya kuma ya tura zuwa wajen ƴan bumburutu. To jirgin sama fa? Abin nan ya daɗe yana damuna, kuma da na zauna na bi labarin sai na gane matuƙan jirgi dama can ba geji kaɗai suke dogara da shi ba.

Kafin a tashi an san kilo nawa na mai aka zuba, kuma kowane inji yana da nasa ma'aunin da ke ƙirga abin da ya sha, wannan daban yake da gejin tanki. Don haka lokaci-lokaci a hanya matuƙi yana haɗa abin da injina suka sha da abin da geji ya ce ya rage, dole su ba da abin da aka taso da shi, sannan ya duba takardar tsarin tafiya ya ga ko ya yi daidai da abin da ya kamata a ce yana da shi a wannan wurin. In lissafi bai haɗu ba to ko geji ne ke ƙarya ko mai ne ke yoyo, kuma wanda ya fi muni shi ake ɗauka, a buɗe littafin matakai a bi, a fara tunanin filin da ya fi kusa.

Amma fa lissafin nan sai lambar farko ta zama gaskiya. Ranar 23 ga Yuli 1983 wani Boeing 767 na Air Canada zai tashi daga Montreal zuwa Edmonton, gejin mai gaba ɗaya ba ya nuna komai, sai aka auna da sandar awo ta ƙarƙashin fiffike aka samu lita 7,682. Tafiyar tana buƙatar kilo 22,300. Lokacin kamfanin yana cikin komawa awon kilo kuma jirgin sabo ne, sai wajen mai da litocin zuwa kilo aka ninka su da 1.77 wanda lissafin laba ne, alhali na kilo kusan 0.8 ne, shi ke nan suka ƙara lita wajen 4,900 a inda ya kamata su ƙara sama da 20,000. Sun tsaya Ottawa an sake awo an sake maimaita kuskuren. Kwamfutar jirgin kuwa abin da aka ba ta take ragewa, ita a wajenta mai yana nan.

Suna ƙafa 41,000 a sama injin hagu ya mutu, can na dama ya bi shi. Kyaftin Bob Pearson Allah ya sa ya saba tuƙa irin jiragen nan marasa inji da ke shawagi da iska, mataimakinsa Maurice Quintal kuma ya taɓa aikin soja a Gimli, wani gari a Kanada, shi ya tuna da tsohon filin sojan sama da ke can, bai san an mai da wani ɓangare wajen tseren motoci ba, ranar ma akwai mutane da iyalansu a wurin. Haka suka sauka tayar gaba ta karye hancin jirgi yana gurzar ƙasa, mutum 69 ba wanda ya rasu. Ni duk jarumtar Pearson ba na iya manta cewa jirgin nan bai kamata ya bar ƙasa ba tun farko, ƙa'idar da ta lissafa kayan da jirgi zai iya tashi ko da sun lalace ba ta yarda a tafi geji duka a mace ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai kuma shi ne na Air Transat, Agusta 2001, Airbus A330 daga Toronto zuwa Lisbon. Nan geji gaskiya yake faɗa, bututun mai ne ya tsage a injin dama yana ta zuba a kan tekun Atlantika cikin dare. Da suka ga tanki ɗaya ya fi ɗaya sai suka buɗe hanyar da ke haɗa tankunan don su daidaita, wato suna tura mai mai kyau zuwa inda yake tsiyayewa, kuma sun daɗe suna zargin kwamfuta ce ke shirme saboda ba su taɓa ganin mai yana tafiya da sauri haka ba. Ban ga laifin zuciyar mutum da ta fi son ace na'ura ce ta lalace ba, amma wallahi abin tsoro ne. Injina biyu suka mutu, Kyaftin Robert Piché ya lallaɓa da jirgin kusan kilomita 120 ba inji har ya dire a filin Lajes da ke tsibiran Azores da mutum 306, tayoyi suka fashe wajen birki, aka fitar da kowa da rai.