A Kan Dutsen Sarj, Sama da Birnin Dubrovnik

Talata, da dare.

Yau na hau Dutsen Sarj, wanda ya tokare bayan tsohon birnin Dubrovnik na ƙasar Kuroshiya. Mai masaukina ta ba ni shawarar in tafi da sassafe ko kuma in jira la'asar, domin da tsakar rana fasinjojin manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke tsayawa a tashar Gruj ne suke cika layin motar igiya, wadda ke kai mutane saman dutsen. Na zaɓi la'asar. Na fita ta ƙofar Buja da ke arewacin ganuwa, na hau matakalai har na kai tashar motar igiya, na sayi tikitin zuwa da dawowa da yuro, kuɗin da ƙasar ta koma amfani da shi tun farkon 2023. Tikitin yana da tsada, amma wanda aljihunsa bai kai ba yana da hanyar ƙafa da ke lanƙwashe-lanƙwashe a jikin dutsen, ba a biyan ko sisi, sai dai gumi.

Motocin guda biyu ne, kowacce akwatin ƙarfe da gilashi rataye a jikin igiyar ƙarfe, ɗaya tana hawa ɗaya tana sauka, su gitta wa juna a tsakiyar hanya. Kowacce tana ɗaukar mutum wajen 30, kusan kowa a tsaye. Tsawon hanyar mita 778 ne, kuma tafiyar ba ta cika minti huɗu ba. Na samu wuri a jikin gilashin da ke fuskantar teku. Wata dattijuwa kusa da ni ta damƙe ƙarfen riƙo da hannu biyu, idanunta a rufe gam tun daga ƙasa, jikanta kuwa yana ta jan hannun rigarta yana nuna mata rufin gidaje da ke ƙanƙancewa a ƙarƙashinmu. Ba ta buɗe ido ba sai da ƙofa ta buɗe a tashar sama, mita 405 daga doron teku.

Gani ya kori ji. Birnin da na sha wuya a lungunansa, wanda matakalansa suka gajiyar da ni, daga nan bai fi tafin hannu ba. Ganuwarsa, mai tsawon kusan kilomita biyu, ana ganinta gaba ɗaya a kallo guda, da hasumiyar Minceta mai zagaye a kusurwar da ta fi tudu, da sansanin Lovriyenac a kan nasa dutsen a wajen gari, da titin Stradun da ya raba birnin gida biyu, ga kuma tsibirin Lokrum kore shar a cikin Tekun Adiriyatik. Abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai shi ne yadda wannan ɗan wuri ya ci gashin kansa a matsayin Jamhuriyar Ragusa tun daga 1358 har zuwa 1808, alhali Venis tana gefe guda, Daular Usmaniyya ta Turkiyya tana ɗaya gefen. Ba su da rundunar a zo a gani. Abin da suke da shi jiragen fatauci ne, da jakadu masu iya baki, da harajin da suke kai wa Sarkin Istanbul domin a bar su su yi kasuwancinsu. Tun a 1377 suka kafa dokar killace matafiyan da suka fito daga wuraren annoba na kwana 30 kafin su shiga gari, kuma ɗaya daga cikin wuraren killacewar, garin Cavtat, ana hangensa daga nan can kudu maso gabas a bakin ruwa.

Sai da na daɗe ina kallo kafin idona ya rarrabe launin rufin gidajen. Galibinsu ja ne mai haske, sabo fil, amma nan da can akwai tsofaffi da suka koɗe suka koma ruwan ƙasa. Sababbin su ne waɗanda aka sake bayan luguden wutar da sojojin Yugoslabiya suka yi wa birnin a ƙarshen 1991, lokacin yaƙin ɓallewar Kuroshiya daga Yugoslabiya, duk da cewa tun 1979 hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya. Daga cikin gari ba a lura da wannan sosai, domin mai tafiya a lungu bango yake gani. Daga sama kuwa kowane rufi yana faɗin abin da ya same shi.

Nan take na fahimci amfanin dutsen ga mai yaƙi, domin duk wanda ya tsaya inda masu ɗaukar hoto suke tsaye yau, ya riƙe wuyan garin. Faransawan Napoliyon sun gane haka da suka shigo a 1806, shi ya sa suka gina sansanin Imperiyal a kan ƙololuwar, taku kaɗan daga tashar motar. Wannan sansanin ne 'yan tsirarun mayaƙan Kuroshiya suka riƙe ranar 6 ga Disamba 1991, ranar da wuta ta fi tsananta, kuma bai faɗi ba. Yanzu gidan tarihin wannan yaƙi ne. Na shiga. Ɗakunan suna da sanyi da ɗanshi, an jera taswirori, da kwanson harsasan igwa, da hotunan Stradun hayaƙi ya turnuƙe shi, kuma har yau akwai tabon harsashi a jikin bangon waje. Bayanin da ke ciki daga bakin ɓangare ɗaya yake, kamar yadda gidajen tarihin yaƙi suka saba, amma rufin da na gama kallo ya isa shaida kan wanda aka yi wa ruwan wuta. Ita kanta motar igiyar, wadda aka fara buɗewa a 1969, yaƙin ya lalata ta, ta zauna a yashe har 2010 kafin a sake gina ta.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne, cikin waɗanda muka hau tare, kaɗan ne suka taka zuwa sansanin. Yawancinsu sun tsaya a dandamalin kallo da wurin cin abinci, suna jiran faɗuwar rana a bayan tsibiran Elafiti. Ban ga laifinsu ba, faɗuwar ranar ta cancanci jira. Sai dai da sun juya baya, da sun ga wata ƙasar daban: duwatsu farare ƙeƙasassu, ƙaya da ciyawa, da tsaunukan Bosniya da Harzegobina kusa-kusa, domin a wannan yanki Kuroshiya siririn tsiri ce kawai tsakanin tsauni da teku.

Da rana ta faɗi iska ta taso da sanyi, kowa ya nufi tasha lokaci ɗaya, layin sauka ya fi na hawa tsawo nesa ba kusa ba. Wani ma'aikaci ya ce idan iskar arewa da suke kira bura ta yi ƙarfi sukan dakatar da motocin baki ɗaya, amma ta yau ba ta kai haka ba. Na sauko bayan an kunna fitilun ganuwa, na wuce masauki kai tsaye. Gobe in Allah ya kai mu zan zagaya kan ganuwar da sassafe, kafin mutanen jiragen ruwa su iso.