'Yar ruwa a garin da gulbinsa ke ƙafewa

Aikina koyar da yara ne a wata lakwal ta firamare a nan Maraɗi, kuma akwai wani ɓangare na aikin da ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba, wato nemo wa yara abin karantawa da Hausa. Littattafan koyon baƙi da wasali ana samun su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin da yaro zai ɗauka don kansa, har ya manta karatu yake yi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma har yau malamin da ke son irin wannan labari sau da yawa shi zai zauna ya rubuta, ya kai a yi masa fotokofi da kuɗin aljihunsa. Ta haka na shiga rubuta labarin wata yarinya da ƙawarta 'yar ruwa.

'Yan matan ajina ne suka zaɓe ta. Suna ganinta a wayoyin yayyensu da jikin jakunkunan lakwal, rabi mace rabi kifi, gashi har gadon baya, tana zaune a ƙarƙashin teku. Mu kuwa tsakaninmu da teku ya fi kilomita 800. Ruwan da yaranmu suka sani shi ne Gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya da Madarunfa, ya ratsa gefen garinmu da Tsibiri, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Da damina yake gudu, rani na yi sai yashi. A cikinsa na sa 'yar ruwan, kuma ban gama karanta shafin farko ba wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, to in gulbi ya ƙafe ina za ta?"

Ba wanda ya tambaye ni yadda mutum zai zama rabinsa kifi. Wannan sun karɓa hannu bibbiyu. Abin da ba za su yafe ba shi ne a yi wasa da abin da suka sani da idonsu. Yaro zai bi ka ko'ina a duniyar ƙage muddin gulbin da ke cikinta yana yin halin gulbinsu. Amsar kuma daga bakinsu ta fito: gaiwa. Wannan kifi yana da huhu, in ruwa ya janye sai ya nutse cikin laka, ya lulluɓe kansa da yauƙin jikinsa, ya kwanta watanni yana shaƙar iska ta wata 'yar kafa har ruwa ya dawo. Sai muka ce ita ma 'yar ruwan haka take yi, tana kwana a ƙarƙashin yashi tun daga kaka har faɗuwar damina. Nan take labarin ya samu ƙashin baya, domin ya zama labarin ƙawar da ake samu wata uku ko huɗu, a rasa ta sauran shekara. Yaran da ubanninsu ke tafiya cin rani Kano ko Legas ko Agadas ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Darasin da ya fi nauyi daga gida ya zo. Kakar wata ɗalibata ta tako har lakwal, muka gaisa, ta ce, "Malam, mu da muke tsorata su da ruwa, kai kuma ka ba su ƙawa a ciki?" Na ce, "Inna, ki zauna ki faɗa mini." Maganarta gaskiya ce. Dodon da ke cikin tatsuniyoyinmu, wanda ke tare hanya a bakin rafi, da aljanun ruwan da ake ambata wa yara, ba don nishaɗi kaɗai kakanninmu suka raine mu da su ba. Katanga ce tsakanin yaro da ruwan da bai iya ba. Garin nan kansa ruwa ne ya tashe shi: ambaliyar 1945 ita ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka hauro tudu. A ƙarshen Agustan 2024 ma mun ga yadda ruwan sama ya rushe gidaje ya ci rayuka a cikin gari. Kowace damina kududdufai suna cika a bayan unguwanni, inda aka haƙi ƙasar gini, kuma yara suna zuwa. Wanda zai rubuta wa yaran Maraɗi labarin abota da halittar ruwa, dole ya san abin da yake taɓawa.

Ban janye labarin ba, ban kuma mayar da 'yar ruwan dodo ba, don ina ganin tsoro kaɗai ba ya riƙe yaron da ya kai shekara goma. Abin da na yi shi ne na sa gargaɗin a bakin ƙawar. Ita ce ke hana yarinyar shiga. Ita ke gaya mata cewa ruwan da ya yi ja yana ɗauke da itace daga sama, cewa gaɓar da ruwa ya ci ƙarƙashinta tana zaftarewa, cewa inda ya yi lumui nan ne zurfin yake. A wuri mafi zafi na labarin yarinyar ta nace sai ta ga gidan ƙawarta, 'yar ruwan ta ƙi, suka yi fushi da juna kwana da kwanaki. Wannan shafin ne aka fi gardama a kansa a aji. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce so ne, na bar su suka yi ta yi har aka buga ƙararrawa.

A nan na rabu da sanannen labarin nan da aka buga a Danmak a 1837, wanda mafi yawan hotunan da yaranmu ke gani daga gare shi suka samo asali. A cikinsa 'yar ruwa ta ba da muryarta don ta samu ƙafafu ta shiga cikin mutane. Labari ne mai ƙarfi, amma ba shi nake so in ba 'yan matan da da ƙyar muke samun su buɗe baki a aji ba. A nawa babu wadda ta bar abin da take don ta zauna da ɗayar. Ɗaya tana kan gaɓa, ɗaya tana cikin ruwa, suna musayar abin da kowa ke da shi: wannan ta kawo goriba da ƙuli-ƙuli, waccan ta kawo bado da labarin garuruwan da ruwa ya ratso.

Ana gama karatu tambaya ɗaya ke biyowa: da gaske akwai ta? Ina gaya musu kai tsaye cewa ƙage ne, ni na zauna na rubuta. Sannan in ba su labarin ayu, dabbar da ke cikin kogin Kwara da Binuwai, mai cin ciyawa, mai leƙowa ta shaƙi iska, mai shayar da ɗanta nono. A 1493 Kolumbus, wani Bature matuƙin jirgin ruwa, ya ga 'yan'uwanta guda uku a yankin Karibiyan ya ɗauka matan ruwa ne. Sanin wannan bai rage musu son labarin ba ko kaɗan, kuma ya kwantar da hankalin iyayen da ke gudun a cusa wa 'ya'yansu camfi.

Ƙarshen labarin na bar musu, kowa ya rubuta nasa a kaye: me zai faru ranar da gulbi ya sake kawo ruwa? Yaran da ba sa cika layi uku a rubutun Faransanci suka cika shafi. Da yawa sun rubuta cewa ƙawayen sun gane juna nan take. Wata yarinya mai shiru-shiru ta rubuta cewa 'yar ruwan ta farka ta tarar an yi wa ƙawarta aure an kai ta wani gari, sai ta yi ta bin gulbi ƙauye-ƙauye tana tambaya. Na nemi izininta, kuma da nata za mu fara kashi na biyu.