Ranar da na zagi farfesa ina ganin yabo nake yi

Da na ɗaura niyyar zana jarrabawar GRE don neman gurbin digiri na biyu a Amurka, sai na sayi littafin rubutu mai kauri na kama haddar manyan kalmomin Turanci. Ashirin kullum bayan asuba, kamar mai tilawa. Makin sashen Turanci na jarrabawar daga 130 yake zuwa 170, ni kuwa sama nake hange. Mako uku da farawa na gwada kaina, na tarar rabi sun zube.

Yayata, wadda Turanci ta karanta a jami'a, ta duba littafin ta yi dariya. "Ƙanena, da kwando kake ɗiban ruwa. Bi saiwar kalma."

Ashe yawancin kalmomin aro ne daga Latin da Girkanci, wasu ta hanyar Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Bene alheri ne, male sharri, don haka benevolent mai nufin alheri, malevolent mai mugun nufi. Ephemeral na ɗauke da hemera, yini a Girkanci: abin da ba ya daɗewa, kamar raɓa. Wadda ta fi yi mini daɗi ita ce alchemy, tsohon ilimin neman mayar da ƙarfe zinariya, don kakarsu ɗaya da kimiyyarmu, duk daga Larabci.

Nan fa kai ya fara kumbura. Na koyi cewa grex garke ne. Gregarious mai son shiga jama'a, shi ke nan. Sai egregious, wanda ya fita daga garke. Na ce ai wannan shi ne zakaran gwajin dafi, ko ƙamus ban buɗe ba. Na rubuta wa wani farfesa da nake so ya duba aikina, na shaida masa cewa bincikensa egregious ne.

Amsarsa layi biyu ce: wane kuskure na gani haka?

Gumi ya karyo mini. Ƙamus ya ce da can yabo ce, amma yau ficen da take nufi a muni ne, irin ƙaryar da ko yaro ba zai yarda da ita ba.

Tun ranar, kalma ba ta shiga littafina sai da jimlar da na tsinto ta a ciki, daga jarida ko mujalla, kuma na sauko zuwa biyar a rana. Wasiƙar ban haƙurin kuwa da Turancin firamare na rubuta ta, sai da Yaya ta karanta sau biyu kafin na tura.