Takalmin da ya ruɓe a cikin jaka

Na taɓa samun wani takalmin ƙwallo na fata da ya zauna mini a ƙafa kamar da ita aka auna shi. Shekara biyu ina taka leda da shi, ko sau ɗaya bai fitar mini da bororo ba. Wata Asabar muka yi wasa ruwa na zuba. Na dawo gida a gajiye, na cusa shi a jaka tare da jiƙaƙƙiyar safa da rigar da na sha gumi a cikinta, na ja zif, na jefa jakar bayan ƙofa. Washegari tafiyar aiki ta taso mini. Kwana tara na yi.

Ranar da na buɗe jakar nan, wari ne ya fara tarbe ni. Fumfuna mai ratsin kore ta bi layin ɗinkin gaba ɗaya, shimfiɗar ciki ta yi yauƙi, tafin kuma ya fara ɗagowa ta wajen babban yatsa. Cikin gaggawar ceto shi sai na wanke shi na baza a tsakiyar rana wuni guda. Da yamma na ɗauko shi ya ƙandare kamar ƙirgi. Ina lanƙwasa shi kaɗan, fatar ta tsage daidai inda yatsu ke karyawa. Abin ya ci mini rai ƙwarai, domin ba wanda ya taka mini shi a fili, ba dutsen da ya yaga shi. A cikin ɗakina ya mutu, kuma da hannuna.

Daga nan na zauna na yi lissafi. Mako awa 168 ne. Idan na yi ƙoƙari sosai, awa huɗu nake yi a fili. Sauran awa 164 kayan suna gida. Ashe rayuwar takalmi da ƙwallo a gida take, fili ziyara kawai suke kai masa.

Mu huɗu ne masu motsa jiki a gidan. Ni da ƙwallon ƙafa, babban ɗana mai tsaron raga ne a ƙungiyar makarantarsu, ƙanwarsa ta kamu da son ƙwallon tebur da hawa keke, uwargida kuma tana da igiyar tsalle da 'yan ƙarafanta na ɗagawa. A da, duk ranar wasa sai an yi cigiya. "Baba, ka ga safar hannuna ta hagu?" "Mama, wa ya ɗauke famfo?" Ƙwallo na ƙarƙashin gado, abin kare ƙwauri ɗaya na cikin mota, ɗan'uwansa na cikin kwandon wanki. Rannan uwargida ta yi tuntuɓe da ƙarfe mai kilo 5 a cikin duhu, farcen babban yatsanta ya ɗaye. Tana ɗaure ƙafar ta ce, "Baban yara, ko dai a samar wa kayan nan wuri, ko su bar gidan nan." Ban ce komai ba, don gaskiyarta ce.

Bango guda na zaɓa, a wani lungu da iska ke ratsawa kuma rana ba ta dukansa kai tsaye. Faɗinsa bai kai mita biyu ba. Amma kafin in kafa ƙusa ko ɗaya, sai da muka yi yarjejeniya a kan abu guda: ba abin da zai kwana a cikin jaka. Jaka ta ɗaukar kaya ce zuwa fili da dawowa, da an shigo gida a zazzage ta, a bar bakinta a buɗe. Shi gumi a karan kansa kusan ba shi da wari. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin sa tare da matacciyar fatar jiki, su fitar da wannan tsamin da kowa ya sani, kuma abin da suke nema shi ne ɗumi da danshi da duhu. Rufaffiyar jaka ta haɗa musu duka ukun.

Yanzu idan na dawo daga wasa, nakan zauna a bakin ƙofa in buga takalman biyu da juna har busasshiyar laka ta zube, in bi tsakanin haƙoran tafin da tsohon buroshin goge baki. Sai in sassauta igiya har ƙasa, in zaro shimfiɗar ciki in ajiye ta daban, in ja harshen takalmin waje. Daga nan in dunƙule tsohuwar jarida in cusa har can wajen yatsu. Takarda na tsotse ruwa daga ciki, tana kuma riƙe wa takalmin siffarsa. Idan ya jiƙe sosai, kafin in kwanta nakan cire ta farko, wadda za ka ji ta yi laushi tuɓus a hannu, in sa sabuwa. A inuwa yake bushewa, kwana ɗaya ko biyu. Zafin rana ko na wuta yana ƙone maiƙon da ke cikin fata, yana kuma sassauta gam ɗin da ya riƙe tafi. Shi ya sa na hana kowa barin kaya a but ɗin mota, inda zafi ke taruwa fiye da na waje nesa ba kusa ba.

Safar hannun yarona ita ta fi kowane kaya neman lallashi. Tafinta soson roba ne mai laushi, kuma laushin nan shi ke kama ƙwallo. Ƙasa na shiga cikin ƙananan ramukansa ta riƙa cin sa kamar sanfefa, rana kuma na busar da shi har ya fara marmashi. Na koya masa ya wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi, ya riƙa matsa tafin da babban yatsa har ruwan ya daina fita baƙi, kada ya murɗe ta kamar tsumma. Ya naɗe ta a tawul ya danne, sannan ya rataya. Wajen ajiya kuma kada tafi ya haɗu da tafi, domin sukan manne, kana rabawa wani sashen soson ya biyo. Baya da baya muke haɗa su.

Abin kare ƙwauri kuwa, tun 1990 aka wajabta sa shi a dokar ƙwallon ƙafa, amma ban san kayan da aka fi mantawa da wankewa kamarsa ba, alhali shi ne ke manne da fata tsawon wasa. Sau ɗaya yaron ya yi ƙuraje a ƙwauri, tun daga nan soso da sabulu suka zama dole, kuma da makamin shanya ɗaya ake maƙale biyun don kada su rabu.

Ƙwallaye a cikin buhun raga suke, rataye a ƙugiya, ba sa taɓa ƙasa. Dokokin hukumar IFAB, mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya, sun ce ƙwallon manya kewayensa santimita 68 zuwa 70 ne, nauyinsa gram 410 zuwa 450 a farkon wasa, iskar cikinsa kuma 0.6 zuwa 1.1 a ma'aunin atmosfiya. Masu ƙera ƙwallo kan rubuta adadin da ya dace da nasu a gefen bakin da ake hura iska, kuma mutane da yawa ba su taɓa duba wurin ba. Ni kaina da matsawa da hannu nake gwadawa, har na sayi ɗan ƙaramin ma'auni na gane ina cika iska fiye da kima, abin da ke buɗe ɗinki a hankali. Ƙwallon ɗinki yana shan ruwa ta layukansa ya ƙara nauyi, saboda haka a goge shi da tsumma kafin ya shiga raga. Idan kuma ka ga ƙwallonka mai tsada yana sacewa bayan 'yan kwanaki, kada ka yi saurin cewa ya huje. Biladar da aka yi da ɗanyar roba ta fi daɗin taɓawa a ƙafa amma iska na sulalewa ta jikinta, ita kuwa ta roba nau'in butil ta fi riƙe iska na tsawon lokaci. In za a daɗe ba a yi wasa ba, nakan rage wa ƙwallon iska kaɗan. Zama a kansa kuma haramun ne a gidanmu, domin shi ke mayar da shi kamar ƙwai.

Famfo na rataye a gefen ragar, allurarsa na cikin wani ɗan gwangwani da na ɗaure a jikin ƙusar. Sai an jiƙa allurar kafin a soka, a kuma shigar da ita a miƙe. Busasshiyar allura ita ke yaga bakin roba, kuma ƙwallon da bakinsa ya lalace da wuya ya sake yin daidai.

Tsarin bangon kansa ba wani abin wahala ba ne. Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Ƙarafan uwargida suna kan wani katako a ƙasa can ƙuryar lungun, ba a kan siminti kai tsaye ba, saboda danshin ƙasa na jawo tsatsa. Kantar da na sa a tsakiya na ɗaure ta da bango da sukurori, domin yaro in yana son abin da ke sama, hawa zai yi. Ƙugiyoyin yara kuma na kafa su daidai tsayin kafaɗarsu. Wannan na koye shi ne bayan mako biyu ina faɗa a kan jakar da ake yarwa a ƙasa, ashe hannun yarinyar ba ya kaiwa inda na kafa mata.

Hular kwanonta ta keke tana da ƙugiyarta ita kaɗai, ba a ɗora mata komai. Farin soson nan mai tauri da ke cikinta aikinsa ya murƙushe ya shanye bugu a madadin kai, kuma sau ɗaya yake yin wannan aikin. Hular da ta sha mummunan bugu ta gama nata, ko da waje bai nuna tsaga ba. Shi ya sa ba na yarda a riƙa jefa ta ƙasa ko a danne ta da kaya. Faifan ƙwallon teburinta kuwa takan goge robarsa da soso mai ɗan laima, ta manna masa leda, ta sa a gidansa, don ƙura da iska ne ke kashe masa kamu. 'Yan ƙwallayen, masu faɗin milimita 40, suna cikin tsohon gwangwanin ƙwallon tanis da wani abokina ya ba ta.

Akwai masu son manyan akwatunan roba masu murfi, a jera su a rubuta suna a jikin kowanne. Suna da kyan gani, amma ni ban yarda da su ba ga kayan da ake amfani da su kowane mako. Murfi na riƙe danshi, kuma abin da ido ya daina gani zuciya kan manta da shi. Igiyar tsallen uwargida ta yi wata shida a ƙasan irin wannan akwati. Tun da aka rataye ta a inda take wucewa kullum da safe, da wuya kwana biyu su wuce ba ta ɗauke ta ba. Akwati ɗaya tak na bari, a saman kantar, na kayan da lokacinsu bai zo ba, kuma sai sun bushe ƙarau suke shiga, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi.

Watan jiya takalmin yarona ya matse shi. Ya zauna a bakin ƙofa da buroshi ya wanke shi tas, ya cusa masa jarida, ya sa masa sabuwar igiya. Da ya bushe na juya shi a hannuna, tafin na nan daram, ba tsaga ko ɗaya bayan shekara guda da rabi. Ya ce, "Baba, akwai wani ƙaramin yaro a ƙungiyarmu da ke wasa da takalmin makaranta, zan kai masa." Ranar Asabar ya kai. Ƙugiya ta uku daga hagu ba komai a kanta yanzu, tana jiran takalmi lamba 41.