Kumbon da Na Miƙa da Gangan a Wasan Galaga

Kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fitar da Galaga a shekarar 1981, shekara biyu bayan wasansa na Galaxian, kuma asalinsa wasa ne na dogon akwatin nan da ake jefa wa tsabar kuɗi kafin a buga. Ni ban taɓa tsayawa gaban irin wannan akwati ba. A kwamfuta na same shi, cikin tsofaffin wasannin da kamfanin Bandai Namco ya sake fitarwa a 2016, inda aka haɗa masa lambobin bajinta, wato alamomin da ake ba ɗan wasa idan ya cika wani sharaɗi na musamman. Na ɗauka aikin dare ɗaya ne, tun da kumbon da ake ba mutum dama da hagu kawai yake tafiya a gindin allo, kuma maɓallin harbi ɗaya ne tak. Yau kusan wata biyu ke nan ina komawa kansa bayan sallar isha'i.

Makon farko ban tsinana komai ba, saboda ina danna maɓallin harbi babu ƙaƙƙautawa ina zaton yawan harbi shi ne gwaninta. Ashe wasan ba ya barin harsashi fiye da biyu a kan allo a lokaci guda, don haka duk wanda ya ɓace sai ya haura har can sama ya fice kafin a sami damar sakin wani. Sau da yawa abokin gaba mai siffar ƙudan zuma yakan sulalo kaina alhali harsasaina biyu suna can suna tafiya a banza. A ƙarshen kowane wasa ana nuna wa mutum yawan harbin da ya yi da yawan wanda ya samu abokin gaba, kuma wannan lissafi ne ya fara nuna mini cewa fiye da rabin harbina iska yake duka.

Abokan gaba arba'in ne a kowane zango: ƙudan zuma 20, masu kama da malam-buɗe-littafi 16, sai manya huɗu da suke zaune a sahun sama, waɗanda ba sa faɗuwa sai an same su sau biyu. Waɗannan manyan su ne zuciyar wasan. Lokaci zuwa lokaci ɗayansu yakan sauko shi kaɗai, ya tsaya a tsakiyar allo, ya saki wani haske mai faɗi kamar mazurari, kuma duk kumbon da ya shiga cikinsa sai ya yi ta juyawa har a zuƙe shi a tafi da shi sama. Kwanaki na yi ina gudun wannan haske kamar wuta, har ranar da na karanta sharaɗin wata lamba da take neman a haɗa kumbo biyu wuri guda. Ba a samun haka sai mutum ya shiga hasken da kansa, ya bari a kama shi, sannan ya zo da kumbo na gaba ya kuɓutar da na farkon.

A nan ne na fi shan wahala, kuma a nan ne na fi ƙaruwa. Karon farko hannuna ya riga hankalina, na harbe babban tun yana zaune a sahu, sai kumbon da na je ceto ya rikiɗe ya zama abokin gaba. Karo na biyu na jira har ya sauko kamar yadda ya kamata, amma harsashina ya kauce ya sami kumbona da yake biye da shi, na hallaka shi da hannuna. Akwai kuma daren da na shiga hasken ban duba ƙasan allo ba, ashe kumbona na ƙarshe ne, nan take wasa ya ƙare. Da na samu daidai, sai na ga kumbon yana juyowa a hankali ya sauko ya manne a gefen nawa, harsasai suka fara tashi bibbiyu a jere. Na saki numfashin da ban san na riƙe ba. Sai dai faɗin da ya ƙara mini ƙarfi shi ne ya mai da ni babban abin hari, domin ratar da kumbo ɗaya yake ratsawa cikin sauƙi ba ta isar biyu.

Lambobin da suka fi cin lokacina su ne na zangon gwaji, wanda yake fara zuwa a zango na 3, sannan na 7, na 11, haka bayan kowane huɗu. A cikinsa abokan gaba ba sa harbi ko kaɗan. Suna shigowa ne rukuni biyar, takwas-takwas, su yi shawagi su wuce, kuma wanda ya kakkaɓo duka arba'in yana samun maki 10,000. Ba a cin wannan da saurin hannu, da hadda ake cinsa, domin hanyar da kowane rukuni yake bi ba ta canzawa. Na ɗauki takarda ina rubuta ta inda kowanne yake ɓullowa da inda yake lanƙwasa. A zango na 3 na gano cewa idan ina da kumbo biyu, tsayawa cak a tsakiya ya fi duk wata kai-kawo, wanda kuwa ya saɓa wa abin da jikina yake so. Zangunan gaba ba su da wannan sauƙi, dole mutum ya isa wurin da za su bi tun kafin su bayyana.

Na ji labarin wata dabara da ta shahara a tsohon akwatin, inda ake barin ƙudan zuma na gefen hagu a zangon farko a yi ta kauce musu na tsawon lokaci har abokan gaba su daina harbi gaba ɗaya. Ban gwada ba, domin a ganina lambar da aka samu a kan abokin gaba da aka ɗaure wa hannu ba ta shaidar komai. Na fi son in jira babban ya sauko da 'yan rakiyarsa biyu, in kakkaɓe su in bi shi da harbi in karɓi maki 1,600, maimakon 150 da ake bayarwa idan yana zaune, tun da ƙarin kumbo na farko yana zuwa ne a maki 20,000, na biyu a 70,000.

Zuwa yanzu na cike zango na 3, na 7, na 11 da na 15 babu kuskure. Na 19 ne ya tsaya mini. Daren jiya sau uku ina kaiwa 39, kuma kullum na ƙarshen rukuni na huɗu ne yake zille mini ta gefen dama, don haka na ja layi a ƙarƙashinsa a takardata, da niyyar in matsa dama kaɗan tun kafin rukunin ya shigo.